Amsa kan matasa da bin 'yan siyasa

Malam, ka tambaya me ya sa matasan Kaduna suka fi son bin 'yan siyasa a kan neman sana'a. Ba lalaci ba ne, hanyar abinci ce ta koma hannun masu mulki.

Lokacin da masaƙun Kakuri ke aiki, ma'aikaci yana da albashi da ƙungiyar ƙwadago mai ƙarfi, ba ya rusuna wa kowa. Adams Oshiomhole ma, tsohon shugaban Ƙungiyar Ƙwadago ta Najeriya, daga masaƙar Arewa Textiles ya taso. Tun da masaƙar Kaduna Textiles Limited (KTL) ta rufe a 2002, sauran suka bi baya, 'ya'yan ma'aikatan nan su ne kake gani da sassafe a ƙofar gidan ɗan majalisa, suna jiran na cefane ko a saka sunansu a rabon Keke Napep. Amma je ka Panteka, kasuwar masu ƙere-ƙere ta Kaduna, ka ga mai walda da aiki a gabansa, da wuya ka ja shi yawon kamfen sai ka biya shi kuɗin yininsa.