Dengi da korona: abin da na gani a jikina da jikin mahaifiyata

Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Allah ya ba maigidan naki lafiya, ya sa kaffara ne. Kin ce yau kwanansa uku da zazzaɓi mai zafi, ga ciwon kai ga ciwon gaɓoɓi, an gwada maleriya ba a samu ba, wasu na ce miki dengi ne, zazzaɓin nan da cizon sauro ke kawowa, wasu na cewa korona ce ta dawo, shi ne kike son sanin yadda ake bambance su da wanda ya fi haɗari. Ni dai ba likita ba ce. Amma na yi jinyar mahaifiyata lokacin da korona ta kama ta a 2021, ni kuma dengi ya kayar da ni a 2023, don haka zan gaya miki abin da idona ya gani da abin da likitocin da suka duba mu suka fahimtar da ni.

A kwana ukun farko, duk wanda ya kalli majinyaci da ido ya ce miki ga ciwonsa, canka kawai yake yi. Dukansu ƙwayar bairos ce ke kawo su, dukansu suna farawa da zafin jiki, ciwon kai, ciwon jiki da kasala. Har gwajin gaggawa ya taɓa ruɗewa. A farkon 2020 a Singafo an samu mutum biyu da gwaji ya nuna dengi, daga baya jiki ya rikice aka gano korona ce. Kama da wane ba ta wane.

Duk da haka akwai inda kowanne ya fi karkata. Ciwon Mama ya shigo ne a hankali, da ƙaiƙayin maƙogwaro da busasshen tari, kamar mura. Ranar ta huɗu ta buɗe kwalbar turarenta ta kai hanci, ta dube ni ta ce wa ya zuba mata ruwa a ciki. Turaren lafiyarsa lau, hancinta ne ya daina jin ƙamshi. A lokacin wannan alama ce babba, sai dai tun da nau'in Omicron ya bazu a ƙarshen 2021 ta ragu sosai, yanzu an fi ganin ciwon maƙogwaro da yoyon hanci. Nawa kuwa faɗowa ya yi. Da hantsi ina aikina, kafin la'asar ma'aunin zafi ya nuna 40. Abin da ba zan manta ba shi ne ciwon bayan ido: in zan kalli gefe sai dai in juya kaina gaba ɗaya, don motsa ƙwayar idon kaɗai azaba ce. Ƙugu da gwiwoyi kamar ana sara, shi ya sa Turawa ke masa laƙabi da zazzaɓin karya ƙashi. Ban yi tari ko sau ɗaya ba, hancina a bushe. To in maigidanki na tari ko maƙogwaronsa na ciwo, zargi ya fi tafiya wajen korona. In ciwon ido ne da ƙashi da tashin zuciya, ko jajayen ƙuraje suka feso, ya fi tafiya wajen dengi. Zargi na ce, gwaji ne ke yanke hukunci.

Abin da ya sa na zauna rubuta miki wannan dogon bayani shi ne lokacin da kowanne ke juyewa, domin a nan ne na kusa yin asarar raina.

Ranar ta biyar na farka zazzaɓi ya sauka. Na yi wanka, na share ɗakina, na kira 'yan'uwa na ce musu na warke. Ashe tsugune ba ta ƙare ba. Da yamma cikina ya ɗaure da wani irin ciwo ta ƙasan haƙarƙari, ko ruwa na kurɓa sai ya dawo. Na je goge baki, na tofar, sai ga kumfar ta fito ja, dasashina na tsiyayar jini ba tare da na ji ciwo ba. Hannuwana sun yi sanyi ƙalau, na miƙe tsaye duhu ya rufe min ido. A asibiti aka auna ƙwayoyin tsayar da jini, waɗanda a jikin mai lafiya suke tsakanin 150,000 da 450,000, nawa sun faɗo ƙasa da 50,000. Tambayar farko da likita ya yi min ita ce wane magani na sha. Na ce ibufurofen, ragowar wanda ke gida, kwana biyu ina sha saboda ciwon ƙashin. Bai ce komai ba, girgiza kai ya yi ya ci gaba da rubutu, wannan shirun ya fi min faɗa ciwo.

Daga baya ya zaunar da ni ya yi min bayani. A dengi, mafi yawanci tsakanin kwana na uku da na bakwai, daidai lokacin da zafin jiki ke sauka, ƙananan jijiyoyin jini na wasu majinyata sukan fara yoyo. Ruwan jini ya riƙa tsiyaya zuwa cikin ciki da kewayen huhu, jinin da ya rage ya yi kauri, ƙarfin bugunsa ya faɗi. Wannan yanayi yakan ɗauki awa 24 zuwa 48, in aka tsallake shi jiki da kansa yake janye ruwan ya mayar. Ni hankalina na kan adadin ƙwayoyin nan, ina ta roƙon a ƙara min jini, shi kuwa nasa yana kan kaurin jinin, abin da ake rubutawa PCV a takarda, da yawan fitsarin da nake yi. Ruwa kawai aka ƙara min, shi ma da awo, ana ragewa ana ƙarawa bisa sakamakon gwaji, domin in ya yi yawa huhu yake cikawa lokacin da jiki ya fara janye nasa. Babu wani magani da ke kashe ƙwayar dengi. Ruwa ne, da farasitamol, da sa ido. Bayan kwana biyu na farka da yunwa, tafin hannuna da ƙafafuna na ƙaiƙayi, nas ɗin ta yi dariya ta ce an haye.

Na Mama daban ne. Makon farko ta yi shi a zaune tana ba da umarni, har muna cewa abin ya zo da sauƙi. Ranar ta takwas tana hira da ƙanwata a waya, na maƙala mata 'yar na'urar nan ta yatsa mai auna iskar oksijin, ta nuna 88. Mai lafiya yana tsakanin 95 da 100. Na ɗauka na'urar ce ta lalace, na sa a yatsana ta ba da 98, na mayar mata ta sake ba da 88. Ita kuma tana cewa lafiyarta ƙalau, in bar ta ta gama magana. Korona takan ci huhu a ɓoye haka, kuma ta fi juyewa a mako na biyu. Daren nan aka sa mata oksijin, aka fara ba ta deksametason, maganin da binciken da aka yi a Birtaniya a watan Yunin 2020 ya nuna yana rage mutuwa da kusan kashi ɗaya cikin uku a tsakanin waɗanda ke kan na'urar numfashi. Sannan kullum ana yi mata wata 'yar allura a fatar ciki ta tsinka jini, saboda korona mai tsanani tana sa jini ya yi guda a jijiyoyi.

Ki duba wannan da kyau. Ita jininta daskarewa yake son yi, ana tsinka shi. Ni nawa zuba yake yi. Da allurar da ta taimaki Mama aka yi min a daren nan na biyar, Allah kaɗai ya san inda za a tsaya. Shi ya sa raina ke ɓaci in na ji ana cewa ai duk zazzaɓi ɗaya ne, a ba shi abin da wane ya sha ya warke. Har sai an tabbatar ba dengi ba ne, kada maigidanki ya kusanci asfirin, ibufurofen ko diklofenak, ƙwaya ko allura. Farasitamol kaɗai, shi ma kada ya wuce abin da aka rubuta, don dengi yana taɓa hanta. In kuma dama yana shan asfirin ko wani maganin tsinka jini saboda ciwon zuciya, kada ku tsayar da kanku, ki sanar da likitansa yau ɗin nan ya yanke shawara.

Wajen yaɗuwa ma hanyarsu ba ɗaya ba ce, kuma ya shafe ki kai tsaye tunda ke ce mai jinya. Korona ta numfashi take bi, mutum kan fara yaɗa ta kwana ɗaya ko biyu kafin ya san yana ɗauke da ita. Lokacin Mama da takunkumi nake shiga ɗakinta, taga a buɗe, yara ba sa leƙawa. Lokacin nawa ciwon kuwa yarana a bakin gadona suke wuni, ba abin da ya same su, domin dengi ba ya bi ta tari ko taɓa jiki. Sai dai an sa ni kwanciya cikin gidan sauro har da rana. Na yi mamaki, na ce ai sauron ya riga ya cije ni. Aka ce don na kusa da ni ne: a makon farko ƙwayar na yawo a jinina, sauron da ya sha zai riƙe ta kwana 8 zuwa 12 sannan ya fara ɗora wa duk wanda ya ciza har ƙarshen rayuwarsa. Kuma ba sauron maleriya ba ne mai fitowa cikin dare. Wannan sunansa Aedes, baƙi ne ƙarami mai ratsin fari a ƙafafu, da safe da kuma gab da faɗuwar rana yake farauta. Ba ruwansa da kwata, ruwa mai tsafta da ya kwanta yake so. Da na samu sauƙi na bi gidan lungu-lungu, sai ga tsutsotsinsa suna wutsil-wutsil a farantin da ke ƙarƙashin tukunyar fulawa, taku uku daga inda nake zama da yamma. Zubar da ruwan kaɗai bai isa ba, sai an goge jikin mazubin, don ƙwansa a nan yake mannewa, kuma yana jure bushewa na watanni.

Wanne ya fi haɗari? A lissafin gawa, korona ta yi nisa. Daga bayyanarta a Wuhan a ƙarshen 2019 zuwa yanzu an kai wa Hukumar Lafiya ta Duniya rahoton mutuwar mutum sama da miliyan 7. Dengi a 2024, shekarar da ya fi ƙamari a tarihi, an samu rahoton kamuwar sama da mutum miliyan 14, mutuwa kuma ta haura 10,000. Yawancin masu kamuwa da shi ma ba sa jin komai ko su warke a gida, kuma mai tsananin in ya isa asibiti da wuri, mutuwa ba ta kai ɗaya cikin ɗari ba. Amma lissafin duniya ba shi ne lissafin ɗakinki ba. Korona ta fi yi wa tsofaffi da masu ciwon suga, hawan jini ko ƙiba illa. Dengi ba ya duba wannan sosai, yana kayar da yaro da saurayi majiyi ƙarfi, yadda aka gani a Bangladesh a 2023 inda ya kashe mutum sama da 1,700.

Akwai kuma wani abu na dengi da har yau yake ba ni tsoro. Wanda ya taɓa yin korona ko ya yi rigakafinta, in ta sake kama shi galibi takan zo da sauƙi. Dengi iri huɗu ne. Wanda ya kama ki ba zai sake kama ki ba, amma in wani daga cikin sauran ukun ya zo daga baya, garkuwar da jiki ya yi wa na farkon takan riƙe baƙon ba tare da ta kashe shi ba, har ta zame masa tsani zuwa cikin ƙwayoyin jiki. Kamu na biyu shi ya fi yawan zama mai tsanani. Wannan ne ya jawo rikicin rigakafin Dengvaxia a Filifin a 2017, lokacin da kamfanin da ya yi shi ya sanar cewa yana iya ƙara haɗari ga wanda bai taɓa yin dengi ba, bayan an riga an yi wa dubban ɗaruruwan yara. Yanzu akwai wani, Qdenga, allura biyu da tazarar wata uku, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a yi wa yara 'yan shekara 6 zuwa 16 a inda cutar ta yi yawa. Ki tambayi maigidan ko an taɓa ce masa yana da dengi, in eh ne likita ya ji wannan tun daga bakin ƙofa.

Ta fuskar murmurewa, ni na yi kusan wata guda ina jan jiki, gashina ya zuba, sannan ya wuce. Mama ta fi wata huɗu tana hutawa a tsakiyar matakala.

Yau kwana uku, wato kina kan lokacin da ya dace. Gwajin dengi da ake kira NS1 a kwanakin farko yake kamawa, in aka wuce kwana biyar sai a koma na garkuwar jiki, IgM. Ku je yau, a yi shi tare da na korona na hanci da cikakken gwajin jini, don ana iya samun cututtukan biyu a jikin mutum ɗaya, kuma in zazzaɓin ya ci gaba ba laifi a maimaita na maleriya. In korona ce kuma yana da shekaru ko wani ciwo na daban, akwai magani irin Paxlovid da dole a fara shi cikin kwana biyar na farko, kin ga saura biyu. In dengi ne aka ce ku koma gida, ki riƙa ba shi ruwan gishiri da suga kaɗan-kaɗan, ki lura yana fitsari aƙalla duk bayan awa shida, ku koma a sake auna jinin kamar yadda aka ce ko da ya ce ya ji sauƙi. Ki rubuta ranar da zazzaɓin ya fara a takarda ki manna a bango, don mai jinya lissafi yakan kuɓuce masa. Ranar da jikinsa ya yi sanyi, ranar za ki fi zama kusa da shi. Ciwon ciki mai tsanani, amai ba ƙaƙƙautawa, haɓo, jini a dasashi, baƙin bayan gida, sanyin hannu da ƙafa, yawan barci ko rashin natsuwa, numfashi sama-sama, ko na'urar yatsa ta sauka ƙasa da 94 ta ƙi hawa, kowanne kika gani kada ki jira gari ya waye. Ki sanar da mu abin da gwajin ya nuna, muna nan muna yi muku addu'a.