Tambaya da Amsa: Yaya Za Mu Riƙe Lissafin Kyamara, Majigi da Hotunan Ɗakin Tarihinmu?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni ce sakatariyar wani ɗan ƙaramin ɗakin tarihi da matasan unguwarmu suka buɗe a Aboabo, cikin Kumasi, inda muke tara littattafan ajami, da tsofaffin hotunan kakanninmu fataken goro, da kaset-kaset na wa'azi da tafsiri. Bara wani ɗan'uwanmu mazaunin ƙasar waje ya aiko mana da kyamara, da majigi, da rakoda, da makirfo biyu, da lasifika, da sikana. Yanzu batir ɗaya da cajar kyamara sun ɓace, ba mu san wanda ya ari makirfo na ƙarshe ba, hotunan da muka ɗauka kuma sun warwatsu a wayoyin mutane, har ba ma gane wane hoto ne na wane littafi. Wace manhaja ya kamata mu saya?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah, Malama. Allah ya saka muku da alheri a kan wannan hidima. Shawarata ta farko ita ce kada ku sayi manhaja a yanzu, domin abin da aka shigar mata kaɗai take sani. In ba a rubuta sunan wanda ya fita da makirfo ba, ko wace iri kuka saya ba za ta faɗa muku inda yake ba. Littafi mai bango mai kauri da jadawalin Excel sun ishe ku na shekaru, matuƙar an tsara su yadda ya kamata kuma an samu wanda zai tsaya a kansu.

Rajista uku kuke bukata, kuma haɗa su wuri ɗaya shi ne yake rikita ƙananan gidajen tarihi. Ta farko ta kayan tarihi ce, wato littattafai da hotuna da kaset, waɗanda lambarsu ta dindindin ce, ba a goge ta, ba a kuma ba wa wani abu daban. Ta biyu ta kayan aiki ce, waɗanda suke tsufa, a gyara su, wata rana a sauya su. Ta uku ita ce ta ɗaukar hoto da naɗar sauti, wadda take ɗaure biyun farko, ta nuna cewa rana kaza, wane ya ɗauki littafi mai lamba kaza da kyamara mai lamba kaza.

A rajistar kayan aiki, kowane abu da za a iya ɗauka shi kaɗai a sa a aljihu ya samu lambarsa. Wannan ya haɗa da batir, da caja, da katin ajiya, da kowace waya ta haɗi, domin kamar yadda kika gani da kanki, ƙananan ne suke fara ɓacewa, kuma kyamarar da ba ta da caja ta zama ajiya kawai. Ku fara da KA-001, ku ci gaba a jere. A gaban kowace lamba ku rubuta sunan abin, da kamfaninsa, da samfurinsa, da lambar siriyal da ke jikinsa, da ranar da ya shigo hannunku, da kimar kuɗinsa a sidi, kuɗin Ghana, da inda ake ajiye shi, da halin da yake ciki. Lambar siriyal ita ce 'yan sanda za su fara tambaya idan an yi sata, kuma kyamarori da yawa suna rubuta ta a cikin bayanan kowane hoton da suka ɗauka. Ku rubuta lambarku a jikin kayan da alƙalamin fenti, saboda sitika tana ɓanɓarewa a danshin Kumasi, sannan ku liƙa jerin abin da ke cikin kowace jaka a murfinta.

Maganar aro ita ce mai wuya, kuma na san dalili. A zango, duk wanda ya ji akwai lasifika da majigi zai turo yaro ranar suna, ko ɗaurin aure, ko maulidi, ko addu'ar arba'in, ke kuma ba za ki iya duban idon baffanki ko malamin da ya karantar da ke ki ce a'a ba. Saboda haka bai kamata a bar wannan nauyi a kanki ke kaɗai ba. Kwamitinku ya rubuta ƙa'ida a shafi ɗaya, ya kai wa limami da mai unguwa su sa albarka, a karanta a bainar jama'a, ta yadda in an zo aro ƙa'idar ce za ta yi magana. A raba kayan gida biyu: kyamara, da sikana, da rakoda, da rumbunan ajiyar fayiloli (hard disk) ba sa fita ko da wa ya aiko; lasifika da makirfo ɗaya ana iya ba da su. Mai aro ya sa hannu, a rubuta lambar wayarsa da ranar dawowa, idan ya dawo da kaya a kunna su a gabansa kafin a soke sunansa. Wanda ya ga kamar rubutun rashin yarda ne, a tuna masa cikin ladabi cewa ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi take magana, kuma muminai aka umarta da hakan a tsakaninsu. Sau ɗaya a wata mutum biyu su ƙirga kayan da rajista a hannu, ɗayansu ba mai riƙe da mabuɗi ba. Batir da cajar da suka riga suka ɓace ma ku ba su lamba, ku rubuta "ya ɓace" da kwanan wata, domin ɗan'uwan da ya aiko da su yana da haƙƙin ganin lissafi na gaskiya.

Gurbin "halin da yake ciki" yana da muhimmanci ƙwarai a garinku. Kumasi tana da damina biyu, babba daga wajen Afrilu zuwa Yuli, ƙarama daga Satumba zuwa Nuwamba, kuma funfuna tana tsirowa a cikin gilashin kyamara idan ya daɗe a danshin da ya haura kashi 70 cikin 100. Kada a bar kyamara ta kwana watanni a jakarta ta yadi. A sa ta a roba mai rufuwa gam, tare da ƙwayoyin silika masu tsotse danshi da ƙaramin ma'aunin danshi, a riƙe danshin tsakanin kashi 40 zuwa 50. Da hunturu kuma ƙura ce matsalar, sai a riƙa share matacin iskar majigi. Majigi mai ƙwai yana ƙirga awannin da ƙwan ya yi yana ci, galibi yakan kai awa 2,000 zuwa 5,000 gwargwadon samfuri, don haka ku riƙa kwafe adadin duk wata, ku san lokacin fara tara kuɗin sabo. Ɗauke wuta ba zato yana rage masa kwana, domin fankar da ke sanyaya shi takan tsaya yana da zafi; ƙaramar na'urar UPS, mai riƙe wuta na ɗan lokaci bayan an ɗauke, tana magance wannan. Ƙananan batura a cire su daga makirfo da rakoda bayan aiki don kada su zubar da ruwa, na lithiyam kuma a ajiye su da rabin caji.

Game da hotuna, ƙa'idar ita ce ba a ɗaukar abin da ba shi da lamba. Gidajen tarihi da dama suna amfani da lamba mai kashi uku: shekara, da rukunin da ya shigo tare, da abin kansa. Misali, 2025.4.1 na nufin abu na farko a kyauta ta huɗu da aka karɓa a 2025. A rubuta lambar da fensir a ƙaramar takarda a sa a cikin gafaka, kada tawada ko salatif su taɓa littafin. Yawancin littattafanmu na ajami warƙoƙi ne da ba a ɗinke ba, kuma abin da ke riƙe da jerinsu shi ne kalmar nan da marubuci yake sawa a ƙasan shafi, wadda ita ce farkon shafi na gaba. Kafin a kunna kyamara, wanda ya iya karatun ya zauna ya bi waɗannan kalmomi ya tabbatar da jeri, in akwai warƙar da ta ɓace a rubuta, sannan a ɗauka daga dama zuwa hagu kamar yadda ake karantawa. Hoton farko ya nuna takardar lambar, da rula, da katin gwajin launi idan kuna da shi.

Sunan fayil ya fito daga lambar: 2025_004_001_0001, sai 0002, har ƙarshe. Kada a sa ɗ, ko ƙ, ko ɓ, ko tazara a sunan fayil, domin wasu na'urori suna mayar da su wasu alamomi idan an kwafe; cikakken bayani da ingantacciyar Hausa wurinsa jadawali ne. Don sanin abin da za a rubuta a can, ku ɗauki ma'aunin Object ID, wanda cibiyar Getty ta fitar a 1997, yanzu kuma yake hannun majalisar gidajen tarihi ta duniya, ICOM. Yana tambayar irin abin, da kayan da aka yi shi da su, da girmansa, da rubutu ko hatimin da ke jikinsa, da alamar da ta bambanta shi, da sunansa, da abin da ya ƙunsa, da zamaninsa, da wanda ya yi shi. Misalin amfanin wannan yana kusa da ku: kayan masarautar Asante 32 da aka fara nunawa a gidan tarihin fadar Manhyia, fadar sarkin Asante a Kumasi, ranar 1 ga Mayu, 2024, aro ne daga Landan, 15 daga British Museum, 17 daga gidan tarihin Victoria da Albert, kuma irin wannan aro ba ya tafiya sai kowane abu yana da lambarsa da hotunan halin da ya fita, don a gwada su ranar karɓa da ranar mayarwa. Littafin da wani gida ya ba ku aro ya cancanci irin wannan kulawa.

Sikana ta dace da tsofaffin hotuna, a ɗauke su a ɗigo 600 a kowane inci, amma kada a danne tsohuwar takarda mai rauni da murfinta. Ita sai a kafa kyamara daga sama, da fitilun LED biyu a gefe da gefe, kowace ta karkata digiri 45, ba tare da walƙiyar kyamara ba, a nemi aƙalla ɗigo 300 zuwa 400 a inci. Asalin fayil ɗin hoton a ajiye shi a TIFF, tsarin fayil da ba ya rage inganci, ba a taɓa shi kuma. Daga shi ake fitar da JPEG, wato ƙaramin kwafi na rabawa. Ku lissafa wurin ajiya tun da wuri: hoton kyamara mai megapiksel 24 yana cin kusan megabait 72 a TIFF mai bit 8, wato littafi mai shafi 500 zai ci gigabait 36. A rajista ta uku a rubuta fayil na farko da na ƙarshe, da yawan shafuka, da sunan mutum na biyu da ya duba. Amfanin rubuta lambar na'ura kuwa shi ne, ranar da kuka gano cewa ƙura ta zauna a cikin kyamara ko sikana tana ja wa hotuna layi, za ku san ainihin aikin da za a sake.

Da ni ne, da kaset zan fara, domin takarda tana iya jira fiye da su. Zarensu yana lalacewa, na'urorin kunna su masu kyau kuma suna ƙarewa. Kamfanin Funai na Japan, na ƙarshe mai ƙera na'urar bidiyo ta VHS, ya daina a 2016. A naɗi sautin a WAV, tsarin fayil da ba ya rage inganci, a saita rakoda a kilohaz 96 da bit 24 idan rakodarku tana iyawa, wanda yake cin kimanin gigabait 2 a awa ɗaya, ko kuma kilohaz 48 a mafi ƙaranci. Kaset ɗin da ya yi funfuna kada a kunna shi, a ware shi a nemi shawara. Ma'ajiyar sauti ta J. H. Kwabena Nketia da ke Cibiyar Nazarin Afirka a Jami'ar Ghana, Legon, ta san wannan aiki, kuma a cibiyar akwai tarin rubuce-rubucen Larabci da ajami da aka fara haɗawa tun shekarun 1960.

Kowane fayil ya kasance kwafi uku, a na'ura iri biyu, ɗaya a wajen ginin. Gobarar da ta cinye ɗakin ajiyar finafinai da bidiyo na gidan rediyo da talabijin na ƙasa a Accra a 1989 ta nuna abin da ake rasawa idan komai yana ƙarƙashin rufi ɗaya. Rumbunan ajiya su ma su shiga rajistar kayan aiki da ranar saye, a sauya su bayan kamar shekara 5. Ku kuma buɗe gurbi na izini, domin wasu littattafan suna ɗauke da asirai da laƙanin gida da masu su ba sa son a yaɗa, hotunan mutanen da ke raye kuma dokar kare bayanan sirri ta Ghana ta 2012 ta shafe su. Mai abu ya rubuta abin da ya yarda a nuna, ya sa hannu.

Hotunan da suka warwatsu kuwa, ku sa rana kowa ya zo da wayarsa a kwafe su ta wayar haɗi, domin WhatsApp yana rage girman hoto ya kuma cire bayanansa idan an tura shi a matsayin hoto. Kowane mutum a buɗe masa jaka (folda) a kwamfuta da sunansa, a bar ta yadda take. Hotunan taro da na dattawan da aka yi hira da su ku bi su ɗaya bayan ɗaya ku gano ranarsu da sunayen mutanen ciki tun ana tunawa, tunda ba za a iya sake ɗaukarsu ba. Na littattafai kuwa, in littafin yana hannunku, sake ɗauka da lamba ya fi sauri a kan wahalar gano wane shafi ne na wane. Idan kayanku sun kai dubbai, akwai manhajojin kyauta irin su CollectiveAccess da Omeka, kuma dukansu suna karɓar bayanai daga jadawalin da kuka riga kuka cika.