Rashawa mugaye ne, ko kafafen Turawa ne ke shafa musu kashin kaji?

Wa'alaikumus salam ɗan'uwa. Na ga tambayarka tun jiya da dare. Ka ce ƙaninka ya samu gurbin karatu a Rasha, Hajiyarku ta ce babu inda za shi saboda abin da take ji a rediyo, shi ne kake son sanin ko Rashawa haka suke da mugunta, ko kuwa kafafen yaɗa labaran Turawan Yamma ne ke shafa musu kashin kaji. Na karanta amsoshin da aka ba ka. Wasu sun ce duk sharrin Turawa ne, Putin namijin duniya ne. Wasu sun ce kada yaron ya kuskura. Ni a birnin Kazan na Rasha na yi karatun likitanci, kuma ina can yaƙin Yukren ya ɓarke a watan Fabrairun 2022, don haka ka yi haƙuri da tsawon amsar.

Son kai a kafafen Yamma kam akwai shi, ba ɓoyayye ba ne. A kwanakin farko na yaƙin wakilin gidan talabijin na CBS na Amurka, Charlie D'Agata, ya tsaya a Kiyef yana cewa wannan fa ba Iraƙi ko Afganistan ba ce, birni ne mai ɗan wayewa, na Turai. Daga baya ya nemi afuwa, amma magana zarar bunu ce. A daidai waɗannan kwanakin 'yan'uwanmu ɗaliban Afirka da ke Yukren suna aiko mana bidiyon yadda ake hana su shiga jirgin ƙasa, ana barinsu cikin sanyi a kan iyakar Poland, har sai da Tarayyar Afirka ta fitar da sanarwar nuna ɓacin rai.

Sai kuma aka koma kan talakan Rasha da bai san hawa ba bai san sauka ba. Gasar tanis ta Wimbledon ta hana 'yan wasan Rasha da Belarus shiga a 2022, sai Allah ya yi ikonsa Elena Rybakina, haifaffiyar Mosko mai buga wa Kazakistan, ta cinye kofin mata. Wata jami'a a Milan ta nemi ɗage darasi a kan Dostoyevski, marubucin da ya mutu tun 1881, kafin surutu ya sa ta janye. Har ƙungiyar masu kiwon kyanwa ta duniya ta hana magunan Rasha shiga gasa. Wallahi ba raha nake yi ba. To a 2003 Amurka da Birtaniya sun afka wa Iraƙi bisa zargin makaman ƙare dangi da ba a taɓa samu ba, manyan jaridunsu suka taya su buga gangar, kuma ban ji an kori ɗan wasan Amurka ko ɗaya daga wata gasa ba. Laifi tudu ne. Rashawa sun lura da wannan sarai, gidan talabijin na gwamnati kuwa ya samu abin da yake so, kullum dare sai an maimaita musu: kun gani ko, ba Putin suke ƙi ba, ku suke ƙi.

Akwai wata 'yar ajinmu da ta tsani yaƙin nan, kakarta ma 'yar Yukren ce. Cikin makonni katin bankinta na Visa ya daina aiki a waje, shirinta na zuwa ƙaro karatu a Turai ya rushe. Ta ce mini a gida idan ta buɗe baki kurkuku ne, a waje kuma ana kallonta kamar ita ta aika tankoki. Irin ta ba ka cika ganinsu a labarai ba.

A nawa ganin, yawancin abin da BBC ko CNN ke kawowa a kan Rasha ba ƙarya ba ne. Matsalar tana wajen zaɓe. Mai tumatir yana jera manya a saman kwando ya ɓoye ruɓaɓɓu a ƙasa. Su kuma in an zo kan ƙasar da suke gaba da ita, ruɓaɓɓun suke jerawa a sama. Putin a ƙarshen dogon teburi, tankoki a Jan Dandali na Mosko, wani bugagge yana zagin Yukren. Duk sun faru. Amma ƙasa ce mai mutane fiye da miliyan 140, ƙabilu sama da 190, faɗinta ya kai idan ana karin kumallo a wannan gefe, wancan gefen an yi isha'i. Mu 'yan Arewa ai mun san ciwon. Direban tasi a Kazan yana jin na ce Najeriya, abin da ya fara fitowa daga bakinsa Boko Haram ne, domin iyakar abin da talabijin ya nuna masa ke nan.

Sai dai idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Masu cewa duk ƙarya ake wa gwamnatin Rasha, ku sani Rashawa ne da kansu suka fara tona yawancin abubuwan nan, kuma sun biya da tsada. Anna Politkovskaya, 'yar jaridar da ta bi diddigin ta'asar yaƙin Checheniya, wanda Musulmi ne suka fi shan wahalarsa, an harbe ta a gidan da take zaune a Mosko a 2006. Ɗan adawa Boris Nemtsov an bindige shi a kan gada dab da fadar Kremlin a 2015. Jagoran 'yan adawa Alexei Navalny ya mutu a kurkukun yankin ƙanƙara a Fabrairun 2024. Ranar 4 ga Maris 2022 aka sa hannu kan dokar da ta tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara 15 ga wanda ya yaɗa abin da gwamnati ta kira labarin ƙarya a kan sojoji. A wannan watan tashar rediyon Ekho Moskvi ta rufe, talabijin ɗin Dozhd ya tsaya, jaridar Novaya Gazeta ta dakatar da fitowa, alhali editanta Dmitri Muratov bai daɗe da karɓar kyautar Nobel ba. Wani kansila a Mosko, Alexei Gorinov, shekara 7 aka yanke masa don ya soki yaƙin a zaman majalisar unguwa. Wata matashiya a San Fitasbag, Sasha Skochilenko, ita ma shekara 7, don ta musanya takardun farashi a kanti da rubutun adawa da yaƙi. Ƙungiyar kare haƙƙin ɗan Adam ta OVD-Info, ta Rashawa, ta ƙirga kamun mutane kusan dubu 20 a 2022 kan adawa da yaƙin. Gawarwakin garin Bucha da rusa birnin Mariupol a Yukren kuwa ba CNN ce ta ƙirƙire su ba.

Na ga yadda tsoron ya sauka da idona. Wani malaminmu dattijo, mai yawan barkwanci da shugabanni a lokacin zagayen majinyata, bayan dokar nan ya daina kwata-kwata. Ranar da wani ɗalibi ɗan Masar ya tambaye shi ra'ayinsa, sai ya kalli wayoyinmu da ke kan teburi, ya kalli ƙofa, ya ce mu buɗe fayil ɗin mai gado na huɗu.

Su mutanen fa? Abin da zai fara dukan ƙaninka shi ne ba sa murmushi ga baƙo. Ka shiga kanti ka gaishe da mai sayarwa, ta kalle ka kamar ka zo cin bashi. Ba ƙiyayya ba ce, junansu ma haka suke yi wa. A wurinsu yaƙe haƙora babu dalili alamar wauta ce ko yaudara. Tsohuwar da ke gadin ƙofar masaukinmu kullum fuskarta a murtuke, amma ranar da ta gan ni zan fita cikin hunturu babu hula, ta tare ƙofa tana faɗa kamar ta haife ni, sai da na koma na saka. Da na kwanta mura, ita ta hawo bene da kwalbar jam ɗin da ta dafa da hannunta, ta ce in riƙa zubawa a shayi. A jirgin ƙasa na dare, a taragon talakawa mai gadaje a buɗe, kafin a yi nisa an shimfiɗa jarida, an fito da dafaffen ƙwai da kaza da kokwamba, kuma ba ka isa ka ce ka ƙoshi ba. Da na ce ba na cin alade, ba na shan giya, ba wanda ya matsa mini.

Wani abin da kafafen Yamma ba su cika nunawa ba, mu ma ba mu sani ba, shi ne yawan Musulmin ƙasar. Miliyoyi ne, kuma 'yan asali: Tatar, Bashkir, Chechen, mutanen Dagestan. A cikin ganuwar tsohon birnin Kazan, masallacin Kul Sharif da babbar cocin Otodoks suna kallon juna. Naman halal ba wahala. Azumi ne dai idan ya faɗo a bazara zai gane kurensa, don dare gajere ne ƙwarai.

Wariyar launin fata akwai ta, kada wani ya ruɗe ka. Za ka ga tallar gidan haya an rubuta ƙarara cewa Silabawa, wato fararen fata irin ƙabilar Rashawa, kaɗai ake so. Ɗan sanda zai tsallake mutum goma ya tsayar da kai ya nemi takardu. Masu ƙwallo za su tuna ƙyallen da magoya bayan Lokomotiv Mosko suka ɗaga mai hoton ayaba lokacin da Osaze Odemwingie ya bar su a 2010, mutumin da mahaifiyarsa ma 'yar can ce. Waɗanda suka riga mu, na shekarun 2000, sun ga zamanin 'yan ta-kifen da ke aske kai suna farautar baƙaƙe. A zamaninmu abin ya lafa sosai, kuma 'yan ci-ranin Tajikistan da Uzbekistan sun fi mu shan wulaƙanci.

Inda nake rabuwa da masu cewa mutanen kirki ne, gwamnatin ce kawai muguwa, shi ne maganar ta yi sauƙi da yawa. Rashawa masu yawa suna son Putin tsakani da Allah. Cibiyar Levada mai binciken ra'ayin jama'a, wadda gwamnatin kanta ta yi wa tambarin 'yar koren ƙasashen waje, ta sha samun goyon bayansa sama da kashi 80 cikin 100 bayan fara yaƙin. E, wanda zai iya shiga kurkuku kan magana ba zai faɗa wa baƙon murya a waya cikinsa ba. Amma na zauna da tsofaffi a asibiti, ba tsoro ke sa su yabonsa ba. Shekarun 1990 suke tunawa: Tarayyar Sobiyet ta wargaje, a 1992 farashi ya ninka fiye da sau ashirin, ajiyar mutum ta shekara da shekaru ta zama takarda, ana wata da watanni babu albashi, a 1998 kuɗin ya sake faɗuwa. Lokacin ne kuma Turawa ke yaba musu cewa sun shiga dimokuraɗiyya. Wata tsohuwa ta ce mini tun da Putin ya hau mulki fanshonta bai makara ba, abin da ta sani ke nan. Ga kuma yaƙin duniya na biyu da ya ci mutum wajen miliyan 27 a Tarayyar Sobiyet. Kusan kowane gida akwai hoton kakan da bai dawo ba. Mutanen da ke da wannan tabon, in ka ce musu NATO na matsowa, ba sai ka yi dogon bayani ba. Gwamnati ta san inda ke musu ƙaiƙayi, nan take sosawa.

Mafi yawa kuma ba masu goyon baya ba ne, ba 'yan adawa ba. Kowa ya sunkuyar da kai yana neman na cefane, in ka taɓo zancen ya ce shi ba ruwansa da siyasa. Sai da aka yi shelar ɗibar mutum dubu 300 zuwa fagen daga a Satumban 2022 siyasar ta ƙwanƙwasa musu ƙofa. Samari dubbai suka yi layin kwana da kwanaki a kan iyakar Jojiya da Kazakistan, mata suka fito zanga-zanga a Makhachkala ta Dagestan. Yankunan talakawa irin su Buryatiya da Tuva sun yi asarar 'ya'ya fiye da rabonsu, 'ya'yan manyan Mosko kuwa suna gidajen shan kofi.

Mu ma fa muna yin irin kuskuren da muke zargin Turawa da shi, ta ɗaya gefen. An ɗaga tutar Rasha a Yamai bayan juyin mulkin Yulin 2023, an ɗaga a Kano da Kaduna a zanga-zangar Agustan 2024 har aka kama telolin da suka ɗinka ta. Haushin Faransa da haushin tsadar rayuwa duk na fahimce su. Amma wanda ya haɗa Putin da Rashawa ya so su a dunƙule bai fi wanda ya haɗa su ya ƙi su a dunƙule sanin su ba. RT da Sputnik, kafafen gwamnatin Rasha, su ma irin kwandon nan suke jerawa, kuma ba za su ba ka labarin Moura ta Mali ba, inda rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya ya ce sojojin Mali da baƙin mayaƙa sun kashe aƙalla mutum 500 a Maris 2022. Tarayyar Turai ta toshe RT, Rasha ta toshe BBC da DW da Facebook da Instagram. Duk da haka ban ce daidai suke ba. New York Times ta fito a 2004 ta amsa cewa ta yi sakaci a labaran Iraƙi, kuma ɗimbin jama'ar da suka cika titunan Landan a 2003 suna adawa da yaƙin, a gidajensu suka kwana. A Rasha an kama mace don ta riƙe farar takarda da babu rubutu a kai.

Batun ƙaninka, in da nawa ne zan bar shi ya tafi, da sharuɗɗa. A tabbatar makarantar ta gaske ce kuma hukumar da ke ba da lasisin aikinsa a gida ta amince da ita. A guji garuruwan kan iyaka irin su Belgorod da Kursk. Ko Kazan ɗin ma jirage marasa matuƙi sun kai mata hari a Disamban 2024. Kada ya sa hannu a kowace takarda da bai iya karantawa ba, komai daɗin albashin da aka ambata, domin an ja 'yan Afirka da alƙawarin aiki sun tsinci kansu a fagen daga, an kuma kai 'yan mata masana'antar haɗa jirage marasa matuƙi a yankin Alabuga na Rasha da sunan koyon sana'a. Shekarar koyon harshe ya riƙe ta da muhimmanci, takardar rajistar zamansa kullum tana aljihu, ya kuma kame hannunsa daga rubuta ra'ayi kan yaƙin a intanet. Tura kuɗi daga gida ya zama aiki tun da aka sa takunkumi, don haka ku nemi ɗalibin da ke garin yanzu ya faɗa muku hanyar da suke bi. Rigar sanyi da takalmi kuma kada ku ɓata kuɗi a Kwari, ya bari sai ya sauka ya saya a can. Ka gaishe da Hajiya, in tana son jin bayani daga bakina ka yi mini magana ta akwatin saƙo.