Tambaya da Amsa: Na zama shugaban cibiyar sufuri, amma manya sun ƙi ba ni haɗin kai

TAMBAYA: Salam Malam, barka da ƙoƙari. Ni malami ne a wata jami'a a nan Kano, kwanan nan aka ba ni shugabancin cibiyarmu ta binciken sufuri. Aikin da na tarar duk na ƙirgen motoci ne da zanen gadar sama, ni kuma so nake mu waiwayi talaka da mata da masu buƙata ta musamman da masu tafiya a ƙasa. Matsalar ita ce manyan injiniyoyin wajen, wasu ma su suka koyar da ni, da na kawo maganar sai su ce ai wannan aikin ƙungiyoyi ne ba na jami'a ba. Dan Allah ta ina zan fara?
Daga wani mai karatu, Kabuga.

AMSA: Wa'alaikumus salam Dakta, Allah ya taya riƙo. Gaskiya kar ka fara da ja-in-ja da malamanka, kar kuma ka fara da canja sunan cibiya ko kiran taro a otal a raba jaka da biro, daga nan zance yake mutuwa. Abin da za ka canja shi ne tambayar da ɗalibanku suke fita titi da ita.

Yanzu suna tsayawa a Dangi ko Hotoro suna ƙirga mota nawa ta wuce a awa ɗaya ko? To bar su su ci gaba, kawai ka ƙara musu layi a takardar, mutum nawa ne suka tsallaka da ƙafa, minti nawa suka tsaya kafin su samu hanya, sannan mace mai goyo daga Rijiyar Lemo in za ta Asibitin Malam Aminu Kano adaidaita nawa za ta hau, nawa za ta kashe zuwa da dawowa, ƙarfe nawa za ta bar gida in tana son layin ganin likita bai wuce ta ba. Wannan ma ai lissafi ne, kuma injiniya in ka ajiye masa lamba a gaba baya iya cewa surutu ne.

Kano kanta ta ishe ku abin bincike wallahi. Adaidaita sahu zamanin Malam Shekarau ya shigo saboda mata su huta da hawan acaɓa, a Janairun 2013 aka hana acaɓa sai adaidaita ya zama abin hawan kowa da kowa. Da 'yan adaidaita suka yi yajin aiki a Janairun 2022 kowa ya ga yadda gari ya koma tafiyar ƙasa. Ga cire tallafin mai na 29 ga Mayun 2023, wa ya daina zuwa kasuwa, wace yarinya ta daina zuwa makaranta saboda kuɗin mota? Ni ba na gaba da gada, ta Ƙofar Nassarawa ta rage cunkoso, amma mai keken guragu ya tsaya a gindin gadar tsallakawa mai matakala ya zai yi? Kuma tun Janairun 2019 aka sa hannu a dokar hana wariya ga masu buƙata ta musamman, ka ga kenan kana da madogara a doka.

Abu ɗaya da ake yawan mantawa, in za a shiga unguwa tambayoyi ka tura ɗalibai mata. Namiji iyakarsa zaure, abin da zai samo bayanin maigida ne kawai.

Sai maganar ƙananan malamai, su fa ƙarin girma suke nema, in ba su ga takardar da za su wallafa da ɗan kuɗin bincike irin na TETFund, asusun tallafa wa manyan makarantu, a cikin harkar ba, za su ce maka to ranka ya daɗe su watse. Ka nemi KAROTA, hukumar kula da zirga-zirgar ababen hawa ta Kano, da shugabannin 'yan adaidaita tun kafin a fara, in ka bari sai ranar gabatar da rahoto ka gayyace su to hoto kawai za su zo ɗauka. Zariya ma ba nisa, NITT, cibiyar koyar da fasahar sufuri ta ƙasa, tana nan tun 1986, a haɗa hannu da su.

Shi kuma farfesan da ya fi kowa musu, ka same shi har gida bayan la'asar ka gaishe shi, ka roƙe shi ya shugabanci binciken farko, hanya ɗaya tak za ku ɗauka, misali Kabuga zuwa Sabon Gari, sunansa a sama naka a ƙasa.