Sai na sayi satifiket kafin Docker ya yarda da rumbunmu?

Tambaya: Malam, muna da ƙaramin biro a Yamai, muna rubuta manhaja. Saboda tsadar intanet muka kafa namu rumbun imej na Docker (imej shi ne ƙunshin manhajar da Docker ke gudanarwa) a kan wata tsohuwar kwamfuta, don kada kowa ya riƙa sauko da abu guda daga Docker Hub, babban rumbun Docker da ke intanet. Amma duk sanda na tura imej sai ya ƙi, ya rubuto "server gave HTTP response to HTTPS client". An ce mini sai na sayi satifiket, wato takardar shaidar dijital da HTTPS ke buƙata. In saya?

Amsa: Ɗan'uwa, mayar da kuɗinka aljihu. Docker ba ya yarda da rumbun da ba ya magana ta HTTPS, hanyar da ke ɓoye bayanai, in ba wanda ke kan kwamfutar kanta ba, wato adireshin da ya fara da 127. Naka yana wata kwamfutar, shi ya sa ya yi maka tirjiya.

Hanya mafi sauri: buɗe /etc/docker/daemon.json, ka rubuta {"insecure-registries": ["192.168.1.50:5000"]}, da adireshin naka rumbun. Kada ka sa http:// a gaba, kuma kada ka manta da 5000 ɗin in a nan rumbun ke saurare. Sai ka ba da umarnin systemctl reload docker. Na fi son reload a kan restart, domin restart yana tsayar da kwantenonin da ke aiki, wato manhajojin da Docker ya tayar daga imej. Docker info zai nuna maka ko ya karɓa. A kowace kwamfutar da ke turawa ko saukowa za a yi wannan, ba a kan rumbun ba. Nan mutane da yawa ke tuntuɓe.

Sai dai ka san abin da ka amince da shi. Imej da kalmar sirri za su riƙa wucewa tsirara, duk wanda ke kan wifi ɗinku yana iya leƙawa, har ya musanya muku imej. In baƙi na shiga wifi ɗin biron, ni ba zan yi haka ba. Gara ka haɗa naka satifiket da openssl, kyauta, ka ɗora wa rumbun, sannan ka ajiye kwafin satifiket ɗin da suna ca.crt a /etc/docker/certs.d/192.168.1.50:5000/ a kowace kwamfuta. Kuɗin da ka yi niyyar kashewa, sayi ondulare da shi, don in an ɗauke kuran ana cikin turawa faifan ne zai sha wuya.

Tambaya: Daga Tawa nake, ni ma wannan matsalar gare ni. Na sa DOCKER_OPTS a /etc/default/docker, shiru. Da na ƙara --insecure-registry a docker.service kuma na sa a daemon.json, Docker ya ƙi tashi sam.

Amsa: Tsohuwar hanya ka bi, inda systemd, manhajar Linux mai tayar da ayyuka, ke tayar da Docker galibi ba a karanta /etc/default/docker. Ƙin tashin kuwa, Docker ba ya karɓar saiti ɗaya daga wuri biyu. Cire na docker.service, ka yi systemctl daemon-reload, sannan ka tayar da shi.