Ɗan haya ya ƙi biya, in sa a cire kwanon ɗakin?

Tambaya: Lauya, ina gaisuwa. Maigidana ya rasu ya bar mini gida mai ɗaki huɗu a Aboabo, nan Kumasi. Ban taɓa ba da haya ba sai bara. Yanzu wata uku ke nan wani ɗan haya bai biya ba, kuma da kuɗin nake ciyar da marayu. Dangi sun ce in garƙame ƙofar da kwaɗo, ko in sa kafinta ya cire kwanon ɗakin. Barci ya gagare ni. Yaya zan yi?

Amsa: Hajiya, Allah ya jiƙan maigida, ya raya abin da ya bari. Kina da gaskiya, don dokar haya ta Ghana ta 1963, wato Act 220, ta ba ki damar neman ɗakinki idan wata guda ya wuce ba a biya ba. Amma kotu ce ke fitar da mutum, ba ke ba.

Kullum sai na ji "ai gidana ne". Gidanki ne, amma tun ranar da kika karɓi kuɗinsa, ɗakin ya zama mazauninsa a idon doka. Sa kwaɗo, cire kwano, yanke wutar lantarki, rufe famfo, kiran ƙartin unguwa su watso kaya waje, duk laifi ne. Kina bin bashi, sai ki wayi gari ke ake tuhuma. Idan ruwan sama ya lalata masa kaya, ko ya ce kuɗinsa sun ɓace, wa zai biya? Masu zuga ki ba za su raka ki gaban alƙali ba. Abin da ya fi ɓata mini rai shi ne 'yan kamisho da ke cewa "kowa haka yake yi". Su wa suka taɓa fitarwa daga shari'a?

Ki rubuta masa takardar neman kuɗinki, ki ajiye kwafi. In bai biya ba, ki kai ƙara ofishin Rent Control, wato hukumar gwamnati mai kula da harkar haya. Za su kira ku duka biyu, in sulhu ya ci tura su miƙa ga majistare. Akwai jeka-ka-dawo, na sani, ni ma yana gajiyar da ni. Ki tafi da yarjejeniyar haya da rasit.

Nan gaba kuma kada ki karɓi kuɗin shekara biyu a dunƙule, doka ta tsaya a wata 6. Ki kuma sani hukumar haraji ta Ghana, GRA, na da harajin kashi 8 cikin 100 na hayar gidan zama.