Tambayoyin Masu Karatu: Dutse Yana Hana Ruwa Cinye Tsibiri?

Tambaya: Assalamu alaikum. Shin jibge duwatsu a bakin gaɓa yana hana ruwa cinye ƙaramin tsibiri, ko kuwa asarar kuɗi ce kawai? Daga wani mai karatu a Yauri.

Amsa: Wa alaikumus salam, malam. Yana hanawa, muddin an jera dutsen bisa ƙa'ida. A mashigin tekun Chesapeake na Amurka, inda ruwa ba shi da zurfi sosai, tsibirin Tangier ya yi asarar kusan kashi biyu cikin uku na ƙasarsa daga 1850 zuwa yau, amma gaɓarsa ta yamma, wadda injiniyoyin sojan Amurka suka yi wa katangar dutse wajen 1989, ta daina ja da baya, alhali sauran sassan da aka bari haka nan ruwa yana ta gutsurarsu.

Inda aikin yake lalacewa shi ne a gindi. Idan aka zube manyan duwatsu kai tsaye a kan laka, igiyar ruwa tana kutsawa ta tsakaninsu, ta zuƙe ƙasar da ke baya ta koma da ita, sannu a hankali duwatsun su nutse. Saboda haka ake fara shimfiɗa wani ƙyalle mai ƙarfi wanda ruwa ke ratsawa amma ƙasa ba ta bi, a zuba ƙananan duwatsu a kai, sannan a ɗora manyan a kishingiɗe, kada a miƙar da su kamar bangon ɗaki. Akan binne layin duwatsun da ke can ƙasa, domin nan ne ruwa ke fara haƙa. Dutse mai kusurwa ya fi mulmulalle, don yana cije ɗan'uwansa.

Rashin zurfin ruwan kansa yana ƙara tsada, tunda babban jirgin dakon dutse ba ya iya matsowa, sai dai a yi ta sauke kaya a ƙananan jirage. Duk da haka an farfaɗo da tsibirin Poplar da ke wannan mashigi na Chesapeake, wanda ya ragu daga eka fiye da 1,000 zuwa kusan eka 4: daga 1998 aka kewaye shi da dutse, ana cike cikinsa da lakar da ake yashewa daga hanyoyin jiragen ruwa masu zuwa tashar birnin Baltimore.

Sai dai ka sani, malam, dutse igiyar ruwa yake karyawa. Idan ruwan ne ke tasowa, ko ƙasar ke nutsewa, kamar yadda ake gani a Tangier, dole a haɗa da ciko da dashen ciyawar gaɓa.